Shekarar da Uwani ta Maimaita Aji

Ku 'ya'yana, kun tashi kun ji ana cewa yayarku Uwani ta maimaita aji huɗu ne saboda ciwon ido, kuma ƙanena Salifu ya bar Filinge ya koma Bonkuku ne don gwamnati ta ɗauke shi. Uwarku Dije ce ta shirya wannan zance don ta rufa mini asiri, Allah ya jiƙanta, ni kuma na bar shi ya zauna saboda ya yi mini daɗi. Uwani ba ta yi ciwon ido ba. Salifu da hannunsa ya rubuta takardar neman canji. Ni ne sanadin duka biyun. Yanzu da gwiwa ta hana ni hawa tsani, na kuma koyi riƙe biro a ajin yaƙi da jahilci tare da sauran tsofaffi, gara in rubuta muku yadda aka yi tun hannuna bai fara rawa ba.

Mu biyu muka rayu a ɗakin Inna, ni da Salifu, shekara uku tsakaninmu. Da aka zo ɗaukar yara lekol, wato makarantar boko, aka ce gidanmu ya ba da ɗaya, babanmu bai yi dogon tunani ba. Shi magini ne, ni kuma na riga na fara miƙa masa laka, Salifu kuwa ɗan siriri ne mai yawan zazzaɓi. Ya tura ni gona tun da safe, ya kama hannun Salifu ya miƙa. A wancan zamani ni aka yi wa gata. Na tuna Salifu yana dawowa da hawaye da shatar bulala a ƙafa, ina yi masa dariya. Babanmu ya rasu Salifu yana makaranta a Yamai, sai riƙonsa ya dawo hannuna. Wandonsa da takalminsa da kuɗin motarsa duk daga laka suka fito, kuma ban taɓa jin nauyin abin ba a lokacin. Sai da ya gama ya dawo ana ce masa Mushe, wato malamin lekol, tsofaffin da suka ga haihuwarsa suna gyara zama in ya shigo, ni kuma ana kirana Idi magini daga kan hanya ba tare da an tsaya ba, sannan na fara jin wani abu yana motsi a cikina. Ban ba shi suna ba. Na ce wa kaina gajiya ce.

Abu ɗaya nake da shi wanda ban taɓa jin na gaza kowa a kansa ba, shi ne lissafin kai. Babanmu ya koya mini shi a bakin gini, ba da alli ba. In bango zai ci tubali ashirin da huɗu a kowane layi, kuma za a hau layi goma sha bakwai, ba na neman takarda. Ninkawa nake yi: ashirin da huɗu ya zama arba'in da takwas, ya zama tasa'in da shida, ya zama ɗari da tasa'in da biyu, ya zama ɗari uku da tamanin da huɗu. Layi goma sha shida ke nan. In ɗora ɗayan da ya rage, ɗari huɗu da takwas. Kafin mai gida ya gama gyara hularsa na faɗa masa. Rabawa ma haka. In amalanken jaki yana ɗaukar tubali arba'in, na san sawu goma zai yi, takwas su rage, a ɗauko su a ka. Ku yanzu kuna latsa waya ta ba ku amsa, ba za ku gane abin da wannan yake nufi ga mutumin da bai iya rubuta sunansa ba. Shi ne rigata ta shiga mutane.

Uwani ita ce ta fari. Sunan Inna aka sa mata, don haka ban taɓa kiranta da sunanta na yanka ba. Ranar da babu lekol ita ke kawo mini fura wurin aiki, ta zauna a inuwar bango tana kallona. Tun tana 'yar ƙarama nake jefo mata tambaya daga saman tsani: jaki uku ƙafa nawa, tubali goma a raba wa mutum biyu. Ta ƙirga a yatsu ta ɗaga kai ta faɗa. Wata rana na ji ta bayan katanga tana gaya wa ƙawayenta cewa babanta ya san duk lissafin duniya, ko mushe bai kai shi ba. Ban nuna na ji ba, amma ranar nan na yi aikin mutum biyu.

Tana shiga aji huɗu aka kawo Salifu Filinge ya koyar da manyan yara. Ni na gina masa ɗaki biyu a bayan gidanmu, na bar ƙofa a katangar da ke tsakaninmu don matan su riƙa shiga wurin juna. Shekararsa shida da auren Balki, Allah bai ba su haihuwa ba. Ba a maganar a gidan, amma kowa ya san ta. Suka ɗauki Uwani kamar tasu. Balki ta yi mata kitso, Salifu ya duba mata kaye, littafin da take rubutu a ciki. Ajinsu Uwani cike yake har wasu suna zaune a ƙasa, ga yajin aikin malamai da ake ta yi a shekarun nan, yaro ya je yau gobe a koro shi. Wanda ba shi da mai koya masa a gida sai dai ya bi yawa. Saboda haka kullum bayan la'asar Uwani ta ɗauki ardwaz ɗinta, ɗan allon lekol, ta bi ta ƙofar nan. In na dawo aiki na zauna wanke laka daga ƙafata, sai in riƙa jiyo muryarta ta saman katanga tana rera lissafin sau da faransanci, Salifu yana buga mata biro a kan tebur.

"Sis fwa set, karant-de! Wit fwa nef, swasant-duz!"

Ko kalma ɗaya ban gane ba. Na san shida sau bakwai tun kafin a haife ta, amma a wannan baki ban san ko wace lamba take faɗa ba, ban san ko ta yi daidai ba ko ta yi kuskure. Inna kuwa tana zaune tana ɓare gujiya, murna ta cika ta.

"Ka ji ta, Babba? Allah shi yi ma Salifu albarka. Gidan ga zai samu mai ilimi na biyu."

Babba take ce mini don ni ne ɗanta na fari. Na ce amin. Na biyu, in ji ta. Wato ni ba na cikin ƙirga.

Abin da ya tunzura ni ya faru ne a bakin kasuwa, inda nake yi wa wani Alhaji mai shagon yadi katanga. Ya tambaye ni tubali nawa ɓangaren gabas zai ci. Na auna da ido da taku na ce ɗari huɗu da takwas, ashirin da huɗu a layi, layi goma sha bakwai. Uwani tana wurin, ta kawo fura, ardwaz yana rataye a wuyanta.

"Baba, tsaya in duba."

Ta durƙusa ta jera lambobin, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, ta ja layi, tana motsa baki, tana ajiye wata 'yar lamba a sama. Ma'aikatana uku suka bar kwaɓa laka suna kallo. Can ta yi tsalle.

"Daidai na, Baba! Ka samu! Da Baba Salifu na nan da ya ba ka goma bisa goma."

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya shafa kanta ya ce:

"To, tunda ɗiyar Mushe ta sa hannu, mun yarda. A kawo tubali."

Shekara ashirin ina yi wa mutanen garin nan lissafi, ba wanda ya taɓa cewa a duba. Ranar nan aka duba ni, a gaban yarana, kuma wadda ta duba ni ɗiyata ce, da hanyar ƙanena, aka kuma kira ta ɗiyarsa. Na san Alhaji wasa yake yi. Na san Uwani murna take yi mini. Duk na sani. Furar ma ban iya sha ba.

Washegari da na dawo daga masallacin asuba na kwaɓa laka a tsakar gida. Na ɗebo tubalin da ya rage mini na wani aiki na fara toshe ƙofar da ke cikin katanga. Uwarku ta fito da tsintsiya a hannu ta tsaya.

"Malam, mi kaka yi haka?"

"Awakinsu na shigowa suna ci mana hatsi."

"Awaki? Akuya guda gare su, kuma ɗaure take."

"Na ce awaki."

Ta juya ta kama shara. Balki tana ɗaya ɓangaren, ina gani bango ya rufe ƙafafunta, sannan ƙugunta, har ya rufe fuskarta. Da Uwani ta tashi na kira ta na ce daga yau lissafi a wurina za ta koya, kada in ƙara ganin ta zagaya gidan Baba Salifu da ardwaz. Ta dubi uwarta, ta dubi ɗanyen bangon, ta ce to.

Kada ku ɗauka ban koya mata ba. Na koya mata da iyakar ƙarfina. Kullum da la'asar muna zaune a gindin dogon yaron ƙofar gida da tulin ƙwallon aduwa, ina nuna mata ninkawa, ina nuna mata yadda ake kasa abu kashi-kashi a ga abin da ya rage. Kanta ya fi nawa kaifi. Cikin wata biyu tana ba ni goma sha uku sau goma sha biyu kafin in rufe baki. In ta miƙa hannu za ta ɗauki alli sai in riƙe hannun.

"Wanda kanshi bai riƙe lamba shi ka rubutawa. Ke naki na riƙewa. Bar musu allinsu."

Ta yarda da ni, don ni ne ubanta. Har a aji ta daina jera aiki, sai ta rubuta amsa kawai ta naɗe hannu. Ni kuma ina jin daɗi. A raina na ce na ƙwato abina.

Salifu ya yi haƙuri har mako uku. Ran nan da hantsi, wata Lahadi, na ji sallama a ƙofar zaure. Ƙanena ne, wanda ya tashi a gidan, yake sallama daga waje kamar baƙo. Na fito muka gaisa a tsaye.

"Yaya, wurin Uwani na zo. In na yi laihi a gaya mini."

"Ba ka yi komi ba."

"To ka bar ta ta dawo. Mun soma rabawa da lamba biyu, ba mu gama ba. Nan na yara ka faɗuwa. Hanyarka daidai ta, wallahi wani wurin ta hi tamu sauri. Amma ranar kompozisiyon, ranar jarrabawa, ba kanta za su buɗe su duba ba, takarda za su duba. In ba su ga aiki ba, ba su ba ta komi."

Gaskiya ya faɗa, kuma da ladabi ya faɗe ta. Da ya yi mini tsawa da na fi samun sauƙi. Wannan sanyin murya tasa, da yadda ya yaba hanyata kamar yana yaba wa yaro, shi ya ƙarasa ni. Na ce masa wandon da ya sa ya shiga lekol da lakata aka saye shi. Ya ce ya sani, bai taɓa mancewa ba. Sai na faɗi maganar da har in mutu ba zan daina jin ta a kunnena ba.

"In kana son ɗiyar da za ka koya ma, ka haihi taka."

Ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya mayar, ya dube ni kamar yana son ya tabbatar ni ne. Ya ce Allah shi ba mu alheri, ya juya. Inna tana cikin zaure a bayana, ban san tana nan ba. Da na shigo ta matsa gefe don kada rigata ta taɓa ta.

Kafin zafi ya shigo Salifu ya samu wani malami a Bonkuku da ke son dawowa gari, suka yi musanya. Ranar da motar ta zo ɗaukar kayansu ina wurin aiki, da gangan. Uwarku ta ce Inna ta riƙe ƙofar motar sai da aka ɓanɓare hannunta, Uwani kuma ta ɓuya a bayan rumbu ba ta fito ba. Daga ranar Inna ta daina ce mini Babba. In za ta yi mini magana sai ta ce wa uwarku, gaya ma mai gidan ga.

Kompozisiyon na wucewa aji ya zo dab da faɗuwar ruwa. Uwani ta tafi da safe tana tsalle. Bayan kwana uku ta dawo da rana tsaka, ba ta yi kuka ba, ta zauna a bakin murhu da ba wuta. Da ƙyar uwarta ta ciro maganar daga bakinta. Lissafin sau guda huɗu aka ba su, duk ta samu, amma amsa kawai ta rubuta. Yarinyar da ke kusa da ita ta samu irin amsoshin, ita kuma da aikinta a jere. Malaminsu ya ce a gaban aji Uwani ta leƙa ta kwafa, ya ba ta sifili. Na rabawa kuwa, lambobin sun yi mata girma, tana cikin kasa su a kai lokaci ya ƙare. Yara suka biyo ta har bakin kasuwa suna kiranta ɓarauniyar amsa.

Na sa babbar rigata na kama hannunta muka tafi lekol. Wannan ne karo na farko da na taka cikin ajin boko. Na ce wa darakta, shugaban makarantar, ɗiyata ba ta sata, a tambaye ta yanzu a gabana. Mutumin kirki ne, ya yarda. Ya kira malamin ajin, ya riƙa jefo mata lissafin sau, tana ba shi amsa tana tsaye, hannu a baya. Ya jefo biyar, ta ba shi biyar. Malamin ya sunkuyar da kai ya ce ya yi mata zato ba daidai ba. Na ji kaina ya kumbura. Sai darakta ya ɗauki alli ya rubuta a babban allo, ya karanta mini da Hausa don in ji: dubu bakwai da ɗari uku da arba'in da huɗu, a raba wa talatin da shida. Ya ja wani layi a tsaye, ya ja wani a kwance, ya miƙa mata allin.

Ta karɓa. Ta tsaya a gaban allon. Ta ɗaga hannu ta kai wajen lambar farko, ta sauke, ta kai wajen ta ƙarshe, ta sauke. Ba ta san inda ake farawa ba. Ni kuma daga inda nake tsaye na riga na yi shi: talatin da shida sau ɗari biyu dubu bakwai da ɗari biyu ne, saura ɗari da arba'in da huɗu, shi kuma huɗu ne. Ɗari biyu da huɗu. Amsar tana bakina. Ta waiwayo ta dube ni, irin kallon da take yi mini daga gindin tsani, ni kuwa ba ni da abin da zan sa mata a hannu. Ban san me layin tsaye yake nufi ba, ban san me na kwance yake nufi ba. Allin ya karye a hannunta.

Darakta ya ce an wanke ta daga sata, zai faɗa wa aji da bakinsa. Amma aji biyar rabawa ne daga farko har ƙarshe, in ya tura ta haka ya cuce ta. Sai ta maimaita. Ya tambaye ni ko ba ni ne wan Mushe Salifu ba, ya ce abin mamaki, da farkon shekara yarinyar nan ita ce ta ɗaya a jera aiki. Na ce haka ne.

A hanyar gida ba ta riƙe hannuna ba. Mun kusa kwanar gidanmu ta ce:

"Baba, kai ka san amsar?"

"Na sani."

"To don mi ba ka gwada mini yadda aka rubuta ta ba?"

"Ban iya ba, Uwani."

Ta ɗaga kai ta dube ni. Shekararta goma ba ta taɓa jin wannan kalma daga bakina ba. Ta wuce gabana ta shiga gida.

Damina ta zo muka shiga noma. Uwani tana kai mana abinci gona, tana gaishe ni da ladabi, amma in na jefo mata tambaya sai ta ce ta mance. Ƙawayenta suna zancen aji biyar, ita tana kauce musu. Hatsi ya fara fitar da kai, saura kaɗan a koma lekol, Inna ta aiko a kira ni ɗakinta. Wata biyar rabon da ta yi mini magana kai tsaye. Uwarku tana zaune a gefe, idonta ja, na gane sun riga sun gama maganar tsakaninsu. Inna ta ce:

"Ka ɓata ma ɗiya shekara, ka kore mini ɗa. Haƙurin baki bai gyara wanga abu. Ka ɗauke ta ka kai musu, su riƙa. Abin da ka ce mishi bai da shi, kai za ka ba shi da hannunka."

Na dubi uwarku. Ita ba ta toshe ƙofa ba, ba ta zagi kowa ba, amma ɗiyarta ta fari za a ɗauke. Ta ce:

"Na yarda, Malam. In ta zauna nan, kunya za ta hana ta karatu."

Da zan iya cewa a'a. Gidana ne, ɗiyata ce, ba wanda zai tilasta ni. Na kwana biyu ina juya abin, kuma kada in ɓoye muku, abin da ya fi tsaya mini ba rabuwa da ita ba ne, a'a, cewa Salifu ne zai samu. A rana ta uku na ce a haɗa mata kaya.

Ranar kasuwar Bonkuku muka shiga motar 'yan kasuwa, ni da ita da ƙullin kayanta. Muka iske Salifu a ƙofar gidan da aka ba shi kusa da lekol, yana gyara ƙafar wani benci. Da ya gan mu ya miƙe, guduma a hannu. Balki ta fito, ta ga ƙullin kaya a kan Uwani, ta toshe baki da gyale ta koma ciki da gudu. Na tsuguna a gaban ƙanena, abin da ban taɓa yi ba, na ce na zo neman gafara, na kuma kawo masa ɗiyarsa. Ya kama kafaɗata ya ɗaga ni.

"Tashi, Yaya, mutane na kallo. Na yahe maka tun ranar. Amma kada in yi maka ƙarya, ban mance ba, kuma ban san ko ina iyawa ba."

Na ce shekara ɗaya za ta yi, in ta wuce aji ta dawo. Ya ce to. Shekara tara ta yi. Rabawar da ta tsayar da ita a gaban darakta, cikin mako biyu ta iya ta. Daga nan ba ta ƙara faɗuwa ba har ta zama malama. Duk lokacin da na yi niyyar cewa ta dawo sai in ga ba ni da bakin faɗa, ga Balki da ta yi ƙiba don murna, ga Inna da ta koma kirana Babba. Uwarku ce ta biya. Na sha ganin ta ta zuba tuwo a kwanon Uwani bisa mantuwa, ta tsaya tana kallonsa, ta juye a tukunya. Ba ta taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya, ita ce ma ta ƙirƙiro ciwon ido don kada ku raina ni.

Hutun farko da Uwani ta zo gida, ta zo da wata ƙawarta 'yar Imanan. Na fito zaure da saurina. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba ya ce a gaishe ni da kyau. Sannan ta juya ta ce wa ƙawar:

"Wanga shi na Baban Filinge."

Ba da mugunta ta faɗa ba. Tana bukatar hanyar bambance mu, ta samo. Salifu ya zama Baba, ni na zama Baban Filinge, kuma haka sunan ya zauna. Shi ya yi mata walicci ranar aurenta, ina zaune a sahu na biyu. Ɗanta na fari sunansa aka sa masa.

Shekara huɗu ke nan da Salifu ya rasu, a nan Filinge, a ɗakunan da na gina masa, don nan ya dawo da ya yi ritaya. Mun yi zaman lafiya a ƙarshe, muna cin tuwo a kwano ɗaya, maganar nan kuma ba wanda ya ƙara ɗaga ta. Ranar zaman makoki mutane suna wuce ni su je wurin Uwani suna yi mata ta'aziyyar rashin uba, ina zaune da raina, taku biyar tsakaninmu. Na yi kukan ƙanena da gaske. Amma a cikin kukan na ji tsohon abin nan ya motsa, ina kishin mutumin da muka binne da safe. Na yi istigfari, ya lafa, bai tafi ba.

Na ji wasunku suna gyara mata baki in ta ce Baban Filinge, har ɗan'uwanku Isufu ya taɓa yi mata faɗa a kai a gabana. Kada wanda ya ƙara. Ita ba ta yi kuskure ba. Uban da ya riƙe ta shi ta kira Baba, ni kuma ta ba ni sunan garin da na zauna na bar ta ta tafi. In ta kira ni da shi ina amsawa, ku ma ku bar ni in amsa.